Tambayoyin Masu Karatu: Ina So In Tsaya Takarar Hukumar Makarantu a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, ina zaune a Amurka, kuma na samu takardar zama 'yar ƙasa. Dukkan 'ya'yana suna makarantar gwamnati. Ɗana na tsakiya yana aji uku, amma har yanzu idan ya ci karo da kalmar da bai sani ba sai ya dubi hoto ya yi cinta, kuma na lura ba shi kaɗai ba ne a ajinsu. An sanar cewa za a yi zaɓen kujeru biyu a hukumar da ke kula da makarantun gundumarmu, wasu iyaye kuma sun matsa mini in fito. Ban taɓa yin siyasa ba. Ta ina zan fara, kuma idan Allah Ya ba ni nasara, me ya kamata in sa a gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana zuri'a. Shawarata ita ce ki fito, amma ki fito bayan kin fahimci kujerar da kike nema, domin da yawa daga cikin waɗanda suke shiga wannan takara suna ɗaukan cewa mamban hukuma yana iya shiga makaranta ya ba hedimasta umarni, ko ya sa a canza wa ɗansa malami, alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, saboda haka al'amarin yana hannun jihohi, su kuma jihohi sun miƙa gudanarwa ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000. Kusan kowace gunduma tana da hukumarta, galibi mai mambobi biyar ko bakwai ko tara, kuma a mafi yawan wurare jama'a ne suke zaɓen su ba tare da an rubuta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a ba. Akwai wuraren da suka fita dabam, kamar birnin Bostan inda magajin gari ne yake naɗa mambobi, da jihar Hawayi wadda gaba ɗayanta gunduma ɗaya ce, amma tun da an sanar da zaɓe a wajenku, taku ta zaɓe ce. Wa'adin kujera galibi shekara huɗu ne, kuma a wurare da yawa babu albashi, ko kuma ɗan alawus ne wanda bai taka kara ya karya ba.

Ikon hukumar ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa kaɗan masu nauyi. Ita ce take ɗaukar sufiritandan makarantu, wato babban jami'in da yake tafiyar da gunduma kullum, ita take auna aikinsa, ita kuma take sallamarsa idan ya gaza. Ita take amincewa da kasafin kuɗi, da yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, da littattafan koyarwa a cikin iyakar da jiha ta gindaya, da batun gina makaranta ko rufe ta. Duk wannan iko na hukuma ne a dunƙule, lokacin da ta zauna ta kaɗa ƙuri'a. Mamba ɗaya shi kaɗai ba shi da ikon komai a wajen zaure, saboda haka a hukuma mai mutum bakwai duk kyakkyawan ra'ayin da bai samu ƙuri'a huɗu ba ya mutu. Na tsaya a kan wannan ne domin shi ne zai nuna miki irin takarar da ya kamata ki yi: wadda ta ci zaɓe ta hanyar zagin mambobin da ke kai za ta wayi gari tana zaune da su a teburi ɗaya, tana neman goyon bayansu.

Matakin farko shi ne ki je ofishin zaɓe na ƙaramar hukumarku, ko ki shiga shafinsa na intanet, ki karɓi takardun 'yan takara. A can za ki ga sharuɗɗan jiharku, waɗanda galibi su ne kasancewa 'yar ƙasa, cika shekara 18, yin rajistar zaɓe, da zama a cikin gundumar na wani lokaci. A yawancin jihohi ma'aikacin gunduma ba ya zama mamban hukumar da take biyan sa albashi. Wasu wuraren suna neman sa hannun wani adadi na masu zaɓe, wasu kuma kuɗin rajista kawai. Idan sa hannu ake nema, ki tara fiye da adadin da aka ce, domin ana soke na waɗanda ba su yi rajista ba ko suka rubuta adireshin da bai dace ba. Ki kula da ranar rufe karɓar takardu, wadda takan zo watanni kafin zaɓe, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Haka nan duk gudummawar kuɗi da za ki karɓa tana da ƙa'idar bayyanawa, don haka ki nemi mutum ɗaya mai riƙon amana ya zama ma'ajin takararki tun daga ranar farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun yanzu ki fara halartar zaman hukumar. Dokokin jihohi sun wajabta a yi waɗannan zama a bainar jama'a, kuma ana fitar da ajanda kafin ranar. Ki zauna har ƙarshe, domin sau da yawa bayan an gama karrama ɗaliban da suka ci gasa iyaye sun watse ne ake zartar da kwangiloli masu cin miliyoyin daloli a cikin ƙudiri ɗaya, ba tare da muhawara ba. Ki sauke kasafin kuɗin gunduma ki karanta, ki nemi rahoton da jiha take fitarwa kan kowace makaranta, wanda dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta wajabta a wallafa, kuma a raba sakamakon cikinsa bisa rukunin ɗalibai: 'ya'yan marasa ƙarfi, masu buƙata ta musamman, da masu koyon Ingilishi. Matsakaicin sakamakon gunduma yana iya yin kyau alhali wani rukuni yana can baya, kuma a wannan rabe-raben ne za ki gane hakan.

Game da yaƙin neman zaɓe kuwa ba zan tsawaita ba. Masu fitowa zaɓen hukumar makarantu kaɗan ne ƙwarai, musamman idan bai zo rana ɗaya da babban zaɓe ba, har wani lokaci ƙuri'u 'yan ɗaruruwa suke raba gardama, kuma kujeru da yawa ana cin su babu hamayya. Ki nemi jerin masu zaɓe daga ofishin zaɓe, ki duba waɗanda suka saba fitowa irin wannan zaɓe, ki bi su ƙofa ƙofa. Za ki tarar da yawansu dattawa ne waɗanda 'ya'yansu suka daɗe da gama makaranta, kuma abin da zai fara fitowa daga bakinsu shi ne haraji. Kada ki raina wannan tambaya, domin kuɗinsu ne ake kashewa, kuma suna da haƙƙin jin inda yake tafiya.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a wasiƙarki. Abin da kika gani a wurin ɗanki, wato duban hoto da cintar kalma, ba lalaci ba ne kuma ba ƙarancin basira ba ne. An daɗe ana koyar da yara haka a makarantun Amurka da yawa, ana ce musu su dubi hoto ko harafin farko ko ma'anar jimla su ƙiyasta kalmar. Tun a shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa da majalisar dokokin tarayya ta sa aka kafa ya tattara binciken da aka yi a kan karatu, ya kuma nuna cewa yara suna buƙatar a koya musu dangantakar haruffa da sautuka a tsare, mataki bayan mataki, tare da saurin karatu da yawan kalmomi da fahimtar abin da aka karanta. Ingilishi harshe ne da rubutunsa ba ya bin furuci kai tsaye, don haka yaron da ba a koya masa waɗannan ƙa'idoji ba yakan lallaɓa a aji ɗaya da biyu inda littattafai suke cike da hotuna, sai asirinsa ya tonu a aji huɗu lokacin da hotuna suka ɓace, aka fara neman ya koyi tarihi da kimiyya ta hanyar karatu.

Jihar Misisifi, wadda tana cikin mafi talauci a ƙasar, ta nuna cewa ana iya gyara wannan. A 2013 ta yi dokar da ta sake horar da malaman ƙananan azuzuwa, ta tura ƙwararrun masu ba da horo zuwa makarantun da suka fi rauni, ta sa ana gwada yara tun daga farko domin a gano mai matsala da wuri, ta kuma ce yaron da bai kai wani mataki ba a ƙarshen aji uku zai maimaita. A jarrabawar ƙasa da ake kira NAEP, jihar ta tashi daga ta 49 a karatun 'yan aji huɗu a 2013 zuwa ta 29 a 2019. Har yanzu masana suna jayayya a kan batun maimaita aji, kuma ni kaina ina ganin horon malamai da gano matsala da wuri su ne ƙashin bayan nasarar, amma sakamakon jarrabawar ya nuna cewa yaran sun ci gaba. Da ni ce a matsayinki, wannan zan sa a gaba da komai. Ki tambayi sufiritanda a bainar jama'a: wane littafi muke koyar da karatu da shi, yaushe aka saye shi, malamai nawa aka horar a kansa, kuma yara nawa ne a aji uku suke karatu daidai da ajinsu? Sannan ki nemi hukuma ta sa wannan adadi cikin ma'aunin da take auna aikinsa da shi kowace shekara, domin abin da aka ɗaura wa kwantiragin shugaba shi ne abin da ma'aikatansa suke tashi da shi da safe.

Abu na biyu shi ne zuwa makaranta. A Amurka ana ɗaukan ɗalibi a matsayin mai yawan fashi idan ya rasa kashi 10 cikin ɗari na ranakun karatu, wato kimanin kwana 18 a shekarar da ke da kwana 180, kuma kwana biyu kacal a wata sun isa su kai yaro wannan matsayi ba tare da iyayensa sun farga ba. Kafin annobar korona kimanin kashi 15 cikin ɗari na ɗalibai ne suke cikin wannan hali, amma bayan annobar adadin ya kusan ninkawa. Dalilan sukan kasance na zahiri: motar makaranta da ba ta da direba, ciwon asma, babbar ya da take zama da ƙannenta saboda uwa tana aikin dare, ko yaron da ake tsangwama yana tsoron fita. Wasiƙar barazana ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ma'aikacin da zai buga waya a mako na farko ya tambayi abin da ya faru yakan warware da yawa.

Na uku shi ne riƙe malamai nagari, musamman a makarantun unguwannin marasa ƙarfi, inda aka fi tura sababbin malamai kuma aka fi saurin rasa su. Albashi yana da tasiri, amma malamai da yawa suna barin makaranta ne saboda hedimastan da ba ya tsaya musu, ko saboda an jefa su aji a shekararsu ta farko ba tare da wani gogagge yana duba su ba. Ki nemi a kawo wa hukuma lissafin malaman da suke barin kowace makaranta a shekara.

Zan gargaɗe ki a kan abu ɗaya. A 'yan shekarun nan zaman hukumomin makarantu da yawa sun zama fagen rigimar siyasar ƙasa, kan littattafan laburare da yadda ake koyar da tarihi da makamantansu. A matsayinki na uwa mai tarbiyya kina da ra'ayi a kan waɗannan, kuma idan an tambaye ki ki faɗi gaskiyarki ba tare da kwana-kwana ba. Amma na damu ƙwarai da yadda hukuma takan shafe sa'o'i a kan irin wannan muhawara, sannan ta ba sakamakon karatun yara minti goma a ƙarshen dare. Idan kin shiga, ki nemi a ware wa ci gaban ɗalibai lokaci a farkon kowane zama, kafin gajiya ta kama kowa.

TAMBAYA: Malama, ina da katin zama na dindindin a Amurka amma ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. 'Yata ba ta daɗe da zuwa ba kuma Ingilishinta bai nuna ba. Zan iya yin zaɓen hukumar makarantu ko in tsaya takara?

AMSA: Malam, a kusan ko'ina amsar ita ce a'a, kuma ina roƙonka ka yi taka-tsantsan sosai. Wanda ba ɗan ƙasa ba idan ya yi rajistar zaɓe ko ya kaɗa ƙuri'a a inda doka ba ta ba shi dama ba, yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har ma a kore shi daga ƙasar, ko da kuwa wani ma'aikaci ne ya miƙa masa fom ɗin a ofishin lasin tuƙi. Akwai wurare ƙalilan da suka ba iyaye waɗanda ba 'yan ƙasa ba damar zaɓen hukumar makarantu, kamar birnin San Faransisko bayan ƙuri'ar da mazaunansa suka kaɗa a 2016, amma ko a can bai kamata mutum ya sa hannu ba sai ya tuntuɓi lauyan shige da fice.

Sai dai rashin ƙuri'a bai rufe maka baki ba. Kana iya halartar zaman hukuma ka yi magana a lokacin da aka ware wa jama'a, wanda galibi minti biyu ne ko uku ga kowane mutum, kana iya shiga ƙungiyar iyaye da malamai, kuma gundumomi da yawa suna da kwamitin iyayen yara masu koyon Ingilishi wanda kullum yake neman mambobi. Haƙƙin 'yarka kuwa a tabbace yake. A shari'ar Lau ta 1974, wadda iyayen yara 'yan asalin Sin suka shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa bai wadatar a zaunar da yaro a aji a ba shi littafi irin na kowa ba idan ba ya jin harshen da ake koyarwa da shi, dole makaranta ta ɗauki matakin taimaka masa. A shari'ar Plyler ta 1982 kuma kotun ta hana jihar Tekzas rufe wa yara ƙofar makaranta saboda matsayin takardunsu. Kai ma kana da haƙƙin a yi maka bayani a harshen da kake fahimta, don haka idan za a yi taro a kan 'yarka ka nemi tafinta tun kafin ranar, kuma kada ka yarda a mai da yarinyar tafinta a taron da ake tattauna matsalarta.

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Kowane ɗan takara yana alkawarin rage yawan yara a aji da ƙara wa malamai albashi ba tare da ƙara haraji ba. Shin hakan mai yiwuwa ne?

AMSA: Ranka ya daɗe, wanda ya yi waɗannan alkawura uku a numfashi ɗaya ko dai bai karanta kasafin kuɗi ba, ko kuma yana fatan ku ba ku karanta ba. Kuɗin makarantun gwamnati a Amurka yana zuwa ne daga wurare uku. Jiha da ƙananan hukumomi su ne suke ɗauke da kusan duka nauyin, kowanne da kaso mai kama da na ɗan'uwansa, gwamnatin tarayya kuma takan ba da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun da babu wani tallafi na musamman. Kason ƙaramar hukuma yana fitowa ne mafi yawa daga harajin gidaje da filaye, shi ya sa unguwa mai gidaje masu tsada take tara kuɗi da yawa da haraji kaɗan, maƙwabciyarta kuma take matsa wa mutanenta ta tara kaɗan. An kai wannan bambanci Kotun Ƙoli a shari'ar Rodriguez, a 1973 kuma alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin mulkin tarayya bai hana shi ba, daga nan gwagwarmayar ta koma kotunan jihohi.

Kimanin kashi 80 cikin ɗari na abin da gunduma take kashewa kullum albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata. Rage yawan yara a aji yana nufin ɗaukar ƙarin malamai da samar da ƙarin ɗakuna, ƙara albashi kuma yana nufin kowane malami ya ƙara tsada, don haka buƙatun biyu suna ja ne daga aljihu ɗaya. Ga kuma nauyin da doka ta ɗora wanda ba a iya kauce masa, kamar ilimin yara masu buƙata ta musamman da dokar tarayya ta wajabta tun 1975, wadda majalisa ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na ma'aunin kuɗinta amma ba ta taɓa cikawa ba. Tallafin korona na kimanin dala biliyan 190 da aka raba wa makarantu ya ƙare a 2024, kuma gundumomin da suka ɗauki ma'aikatan dindindin da kuɗin wucin gadi su ne suka shiga rage ma'aikata daga baya.

Ba ina cewa ƙaramin aji ba shi da amfani ba ne, kai da ka tsaya gaban allo ka fi ni sanin bambancin. Gwajin da jihar Tenesi ta fara a 1985 ya raba yara ta hanyar ƙuri'a tsakanin azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, tun daga ajin share fage har aji uku, kuma 'yan ƙananan azuzuwan sun fi ci gaba, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi da baƙaƙen fata. Amma da Kalifoniya ta aiwatar da irin wannan a faɗin jiha a 1996, sai ta buƙaci dubban malamai a lokaci ɗaya, aka ɗauki da yawa waɗanda ba su kammala samun shaidar koyarwa ba, gogaggu kuma suka bar makarantun talakawa zuwa guraben da suka buɗe a unguwannin masu hali. Ragewar da take da tasiri ita ce babba, a ƙananan azuzuwa, ga yaran da suka fi buƙata. Rage aji daga 26 zuwa 24 a duk makarantun gunduma yana cin kuɗi mai yawa ba tare da wani sauyi da za a gani ba, kuma sau da yawa wannan kuɗin zai fi amfani idan aka sa shi a darasin ƙarfafawa, inda mai koyarwa ɗaya yake zama da yara biyu ko uku, sau uku a mako ko fiye, a cikin lokacin makaranta.

Saboda haka idan 'yan takara suka zo taron muhawara, ka tashi ka tambayi kowannensu a wane aji zai rage yawan yara, a waɗanne makarantu, nawa abin zai ci, kuma wane layi na kasafin kuɗi zai yanke ko wane haraji zai nemi jama'a su amince da shi domin ya biya.